Hannun Imrana a Layin 'Yan Atamfa

Talatu tela ce a unguwar Kokoro. Shekara talatin tana taka keke a zauren gidan da kakanta ya gina lokacin da fataucin goro ya kawo shi Bangui. Mijinta ya rasu a rikici, 'ya'yanta sun tsallaka Kamaru, wanda ya rage mata shi ne ƙaninta Imrana.

Imrana ya ba talatin baya, amma ba ya kallon idon mutum, in babur ya yi ƙara sai ya toshe kunnuwa yana rangaji. Unguwa ta ce aljanu ne, likita ya ce haka Allah ya halicce shi. Talatu ba ta da lokacin gardama. Ciwon suga yana cin idonta, kafar allura ma sai ta laluba, kuma ta sani sarai ran da keken ya tsaya babu mai ba Imrana ko loma. Dole ya sami aiki tun tana gani.

Hannunsa ta dogara da shi. In mata suka kawo ɗinki, shafa ɗaya zai yi ya san atamfar Holan ce ko kwaikwayo, ya ware su gefe da gefe. Wallahi bai taɓa kuskure ba. Shekara guda cur ta yi tana shirya shi: ninke turmi, yin sallama, amsa magana da Hausa da Sango, yaren garin, bin lungun da babura ba su cika shiga ba, da auduga a kunne. Kaico, ita da ta girma a bakin kasuwa, ta koya masa komai, ta manta ba ta koya masa yin shiru ba!

Ta kai shi wurin Alhaji Muhyiddeen, abokin marigayi mijinta, mai babban shagon atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar.

"Alhaji, amana ce na kawo maka. Ka gwada shi ko na mako ɗaya ne."

"Haba Malama Talatu, ai ɗan gida ne. Ki bar shi."

Kwana uku shagon ya yi fes, har maƙwabta suna leƙowa. A na huɗu wata madam ta zo daga unguwar Miskine sayen kayan bikin 'yarta. Alhaji ya baje mata turmi, ya yi rantsuwa cewa Holan ce, jiya ta sauka daga Duwala. Imrana ya miƙa hannu ya shafa.

"Ba Holan ba ce," in ji shi. Ya kuma maimaita da Sango, kamar yadda yayarsa ta koya masa.

Alhaji ya yi dariyar yaƙe. "Kada ki kula shi madam, taɓaɓɓe ne, don Allah muke riƙe da shi."

Imrana ya taka benci ya sauko da ta gasken daga sama, ya jera su gefe da gefe, yana jiran a ce masa madalla. Madam ta shafa wannan, ta shafa waccan, ta ɗauki jakarta ta fita.

Da takalmi Alhaji ya mare shi. Aka ja shi waje, wani ɗan iska mai babur ya zare masa audugar ya dinga murza wuta a kunnensa, ƙatti masu gemu suna ƙyaƙyata dariya. A tsugune Talatu ta same shi cikin kwata, yana buga kansa da hannu. Ta yi kuka ranar, kuka mai zafi, don ta san da hannunta ta kai shi.

Duk da haka ta bi layin 'yan atamfa shago shago. Kowa amsa ɗaya: wa zai ajiye mai tona asiri a gaban masu saye?

Bayan wata guda sai ga aike daga Alhajin nan, marar kunya. Motar kaya ta iso, yana tsoron an cusa masa jabu a cikin diloli, a turo Imrana da sassafe kafin a buɗe kasuwa. Imrana ya je ya ware masa tsaf. Aka naɗe masa makala biyu a takarda, wato fanken garin, aka fitar da shi ta ƙofar baya. Yanzu duk layin haka suke yi. Hannun da ke hana a cuce su suna so, shi kansa mutumin ko inuwar rumfarsu ba sa bari ya zauna.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya dawo da rigarsa a goge, ya ajiye mata makala ɗaya a kan keke, wanda ya yi mako biyu a rufe.

"Yaya, ci. Yanzu ni ma ina da aiki, ko?"

Talatu ta laluba ta ɗauka. Fuskarsa ma dishi-dishi take ganinta.

"Kana da aiki, Imrana," ta ce.