Sunan da Uwar Zuma Ta Kasa Kira

Idan sanyi ya shigo ƙauyenmu, can wajen Yammedi, kakata Iya Dudu takan hura wutar kara a tsakar gida bayan magariba, ta zube mana gyaɗa a faifai. Wanda bai ɓare ba, ba shi ba tatsuniya. Ita ta riƙe ni, domin babana, ɗanta na fari, ya tafi cin rani Kudu tun ina rarrafe, ko saƙo babu.

Da ta ce ga ta nan, mun amsa, to addu'a nake kar ta ɗauko ta ƙudan zuma, don ɗaure min kai take. Wai a da zuma magana take kamar mutane. Wata rana ɗan farin uwar zuma ya fita neman furen ɗorawa, bai dawo ba. Ta bi daji tana nema, har ta hango shi ya ba ta baya. Kira ɗaya, da ya juyo. To amma ɗan fari ne, uwa ba ta kama sunansa. Sai ta rufe baki tana "mmmm", har ya ɓace mata. Sauran 'ya'yan suka ɗauka, shi ne kukan da suke yi har yau.

"Iya, me ya hana ta kira shi?"

"Kunya mana."

"To ta kyauta ke nan?"

"Ta kyauta."

"Ai kuma ya ɓata."

"Ya ɓata."

"To laifin wa?"

"Ke, uwar surutu, ɓare gyaɗarki."

Haushi yake ba ni wallahi. A sauran tatsuniyoyi kura ta yi kwaɗayi ta sha duka, kowa ya gane. Wannan kuwa ba kai ba gindi.

Ina shekara goma sha ɗaya wani direba ɗan Rogo ya kawo labarin babana ya rasu a can Kudu. Gida ya kaure da kuka, ban da Iya. Mata suka yi ta yabon ta, wai ta san kunya. Da la'asar na iske ta bayan rumbu ita kaɗai, baki a rufe, tana "mmmm". Daga baya gwaggona ta faɗa min ranar da babana zai tafi, Iya ta bi shi har bakin gona don ta hana shi, ya yi nisa, ta kasa kira.

Har Iya ta rasu ban gane ba, kunya take koya min ko gargaɗi take yi. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Makon jiya ɗan farina zai tafi neman aiki. Ya sa ƙafa a mota a tashar Ƙaraye, sai na ji na ƙwala kira, "Auwalu!" Mata suka juyo suna kallona, kunya kamar in nutse.

Ya sauko da sauri. "Umma, lafiya?"

Na ce, "Ba komai. Je ka, Allah ya tsare."