Malamin da Ya Sa Na Karanta Ɗana a Gaban Mata

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, ina cikin murza kuskus aka aiko cewa malaminmu, marubuci Si Lazhar Mizuni, ya cika a gidansa da ke nan garin Kef. Mai rai Ya karɓi abinSa, mu ma muna kan hanya.

Si Lazhar, masana za su yabi littattafanka. Ni Shadliyya, matar mai gasa burodi, abin da na gani zan rubuta, da hannun da ka koya wa riƙon alƙalami bayan furfura ta fito mini.

Kai kaɗai ne baƙon da ba ya kau da kai daga fuskar ɗana Munsif, wanda tafasasshen mai ya ƙona tun yana rarrafe. Kakan kai masa dabino har wurin matsar man zaitun inda yake aiki, ka zauna kana tambayarsa, "Idan yara suka gan ka suka watse, a ina kake jin abin, a ƙirji ko a ciki?" Ya ɗauka ya yi aboki. Ni ma haka na ɗauka.

Kai ka buɗe wa manyan mata aji kyauta, kuma ba ka taɓa ɗaga mana murya ba. Da muka fara haɗa baƙi, sai ka kawo labarinka mai fitowa kowane mako a wannan jarida, na dodon da ke kwana a tsohuwar matsar man zaitun. Ka ce, "Lalla Shadliyya, tashi ki karanta mana." Na tashi, na bi harafi harafi: uwarsa takan rufe masa fuska da tsumma kafin ta ba shi nono. Jimlar farko ke nan da na karanta a rayuwata. Habiba mai ɗinki ta ce, "Kai maƙwabciya, ashe har zancen tsumman kin ba Malam?" Aji ya tuntsire da dariya. Kai kuwa ka yabe ni, ka ce ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Ban taɓa rufe fuskar ɗana ba. Amma kafin la'asar magana ta kai masa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Umma, Malam yana nan lokacin da kike shayar da ni? In ba ke ba, wa ya gaya masa?"

Daga nan gari ya riƙa bin labarinka sawu da ƙafa. Da ka rubuta an hana dodo zuwa bikin ƙanwarsa, sai dangin angon 'yata Nabiha suka aiko cewa kada Munsif ya zo. Ubansa ya ce masa, "Yini ɗaya ne fa, ka yi haƙuri." Ya naɗe bargonsa ya hau dutse, ya tare a wata bukkar makiyaya. Abincin da nake ajiye masa a ƙofar bukkar karnuka ke ci. An ce yana tari, ga dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, ni kuwa ba na iya barci.

Na yi ta zarya gidanka ina roƙo ka hau ka gaya masa ƙirƙira ka yi. Ba ka taɓa kora ta ba. Kakan zuba mini shayi da hannunka, ka yi dariya ka ce, "Haba Lalla, in ya dawo yanzu me zan rubuta mako mai zuwa? Bari in gama, da kaina zan hau." Ka gama, aka tafa maka. Ba ka hau ba.

A wurin zaman makoki na ji ana cewa ba marubucin da ya san kaɗaici kamar ka. Gaskiya ne. A gidana ka rene shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya saka maka ladar karatun da ka koya mana, Ya sassauta maka tambaya, domin akwai tambaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Lalla Wasila da 'ya'yanta. Allah Ya ba su haƙuri, Ya bar su suna ci a akushi ɗaya.

Ni kuwa an binne mini shaidata guda ɗaya tak, wanda ya san zancen tsumman ƙirƙira ne. Munsif, an ce makiyaya na kai maka wannan shafi. Ban rufe maka fuska ba, ɗana. Ka ƙi yarda da bakina, to ga shi a jarida, inda ka yarda da nasa.