Zanen lallen da Baban Ummi ya bar mani

Gwaggo, ruwa nike so. Ina son ki sa maza su kwashe rabin ruwan tafkin kifin nan na bayan ɗaki, su zubo sabo daga rijiya, yau kafin rana ta faɗi. Ku kuma mata da ke zaune nan, don Allah kar wadda ta ƙara zuba komi ciki. Ni ina takaba, ga goyo. Da ina iya fita da ban tada zancen kifi a zaman makoki ba. Ku yi mani haƙuri ku ji.

Ranar da labarin yaz zo, hannuna na cikin ruwan nan. Baban Ummi ya tafi kasuwar Jangebe bisa babur, yac ce in duba mashi ruwa in rana ta ɗago. Ina duƙe sai nij ji sallamar abokinshi a zaure. Mutumin da kullum shike shigowa har tsakar gida shina tsokanar Ummi, ranar nan yat tsaya waje, yac ce a kira mashi babba. Ban jira anka faɗa mani ba. Na dai tuna hannuna na ɗigar ruwa, ban samu na goge ba har anka kawo gawarshi.

Kun san shi da rashin magana. Da hannunshi yag gina tafkin nan, ɗan siminti yau, ɗan siminti wata kasuwa. Yaz zuba karfasa, yak kawo kainuwa daga bakin kanal ɗin ban-ruwa yak kewaye ta da kara a kusurwa guda. Mutane sunka yi ta dariya, wai manomi ya koma renon ciyawa. Yac ci gaba da aikinshi. Randa yaf fara kamu, masu dariyar yaf fara aika ma, kowa da nashi cikin ganye. Tsohuwar nan makauniya ta bayan masallaci kuwa, sai ya cire mata ƙaya tukuna kafin a kai.

Ni ban yi boko ba, bai taɓa nuna mani haka ba. Zama yay yi da ni bakin tafki yac ce, “Ba kifi kike ba abinci ba, ruwa kike ba. In ruwa ya yi kore daidai, su san yadda za su yi.” Kashin kaji shike sawa, amma ba ya watsa shi. Cikin buhu shike ɗaurewa ya rataya a gefe. Nic ce mi ya sa wanga wahala? Yac ce, “Abin da kika watsa ya tafi ke nan. Na buhu, in ya yi yawa, ki ja igiya.”

Awonshi hannu ne. Shina sa hannu har gwiwa. In ya ga tafinshi tas, ruwa na jin yunwa, a mai da buhu. In tafin ya ɓace tun ruwa na wuyan hannu, ya ƙoshi har ya wuce, a cire buhu a sake ruwa. Da nig gwada, sai awona ya ƙi zuwa daidai da nashi. Yay yi dariya yac ce, “Ashe hannun naki na ’yar tsana ne.” Nic ce ai da shi nike tuƙa mashi tuwo, bai taɓa cewa ya yi gajere ba. Ranar ina ƙunshi. Sai yad dangwali lalle da tsinke, yaz zana mani layi nan, sama da gwiwa kaɗan. Duk sanda ya kusa gogewa, shi ke sake mani. Yac ce, “In kina shakka, kar ki ƙara.”

To, ga abin da yaf faru tun rasuwar. Ba laifin kowa nike gani ba, alheri kowa yay yi nufi. Da anka yi girkin sadaka, ruwan wankin shinkafa da na tukwane duk tafki anka juye, wai kifin marayu su ci. Wasu sunka ga kainuwa sunka ce datti ne, baƙi na zuwa, sunka tsame ta sunka ba awaki. Ita ko kainuwar nan ita ke shanye takin da yay yi yawa. Sannan Yaya Sani, wan marigayi, yal leƙa yag ga ba mai kula, yak kawo takin zamani na shinkafarshi yaw watsa, yadda shike yi a fadama.

Yau da sassafe na je. Ruwan ya koma kamar miyar kuka. Na sa hannu, yatsuna kawai sunka shiga, ban ƙara ganinsu ba. Kifi duk sun taso suna buɗe baki sama, wasu sun juya ciki. Abin da Ummi da wanga na bayana za su ci ke nan, babansu bai bar gona tashi ba.

Na yi ma Yaya Sani magana ta bayan zana. Yac ce, “Ke Amarya, taki ne za ki koya mani? Tun ba a haife ki ba nike zuba shi.” Nic ce, “Yaya, shinkafa ba ta numfashi cikin ruwa.” Sai yac ce in sun mutu a fasa tafkin a ɗaure tumaki wurin, in huta. Na san tausayina yaj ji. Amma ba hutu nike nema ba.

Ku dubi hannuna. Layin ya kusa ɓacewa, mai takaba ko ba ta lalle. Shi ya sa ɗazu nid ɗauki muciya, nid ɗaure farin marfin kwano a bakinta, nig gwada ta da hannuna, nit tsaga da wuƙa daidai inda yaz zana. Ko lallen ya tafi, awon na nan. In anka sake ruwan, ni za ni duba shi kullum, ni za ni rataya buhu in cire. Ruwan da anka kwashe ma kar a zubar a lungu, a kai ma alayyafon da yas shuka.

Allah Ya jiƙan Baban Ummi, Ya yafe mashi, Ya sanyaya makwancinshi yadda shike sanyaya ma mutane rai. Allah Ya ba mahaifiyarshi da ’yan uwanshi haƙuri. Allah Ya raya mashi ɗiyanshi, Ya ba ni ƙarfin riƙe abin da yab bar masu.

Na faɗa ma matar liman, ta ce za ta sa a yi maganar bayan azahar. Na sa an kira mani babana a Tsibiri, zai aiko da kainuwa cikin bokiti. Yaya Sani ya ji daga bakina. Ke kaɗai ce shike jin maganarki, Gwaggo, kuma jarkokin ɗibar ruwan na ɗakinshi. Yanzu ke ma na faɗa maki.