Kaluluwar da Yaya ta Hana Ni Faɗa

Ana sallame sallar asuba muka bar Argungu, ni da yayata, a bayan a-kori-kura mai zuwa Birnin Kebbi. An haɗa ta da ni ne don na gama sakandare, wai in likita ya juya harshe zuwa Turanci in cafke. Wata biyar ke nan tana fama da ƙullutu a mamanta na hagu, mai tauri kamar goriba. Yau da nake rubuta wannan, kwana uku ke nan da dawowarmu.

Motar ta albasar Augie ce, mu fasinja gyara aka yi da mu. Kan buhuna muka zauna, kowane rami sai mu tashi sama mu dawo tare da su. Fadama ta yi jawur da shinkafa, masu yanka har sun duƙa. Ni dai idona na kan Yaya.

A Ambursa direba ya tsaya ba mota ruwa. Ƙosai uku sule, alhali biyar ne a garinmu, wata tsohuwa ta ce ko da man Makka aka soya shi. Kowa ya yi dariya ban da mu. Nan Yaya ta matso kunnena.

"Ke, babban kaɗai za mu gwada mai. Ƙaramin kaluluwa ce, kada in ji bakinki."

Akwai wani ƙullutun na biyu, kamar ƙwayar wake, a gefen maman wajen hammata, yana zillewa in an taɓa. Innarmu ta ce kaluluwa ce, kuma a gidanmu maganinta muciya: a gasa a bakin murhu, a danna sau uku da safe. Ni ce ma mai gasawa. A ganin Yaya, uwar 'ya'ya uku ba ta kai wa likita namiji ciwon yaran da suka yi tuntuɓe.

Mun shiga Birnin Kebbi da hantsi, muka zauna kan bencin asibiti har azahar. Na tashi na zauna ya fi a ƙirga. Da aka kira mu, likita ya duba babban, fuskarsa ta canza.

"Baiwar Allah, akwai wani wurin kuma?"

"Babu," in ji Yaya.

Ya juyo gare ni, ya maimaita da Turanci. Ban taɓa ƙaryata Yaya a gaban baƙo ba, ita ta goye ni. Na dubi ƙasa, na ce akwai.

Hararar da ta yi mani har yanzu ina jin ta. Likita ya laluba ya samo shi. Ya ce Inna ba ta yi kuskure ba, kaluluwa ce, don wasu matan suna da ita a cikin maman kansa. Aikinta kamar rariya ne, tana tace abin da ke fitowa daga wurin, kuma sau da yawa ba komai ba ce. Amma yana zargin babban ƙullutun ciwon daji ne, kuma kaluluwar da ke kusa da shi ita ke nuna ko ciwon yana zaune ko ya fara tafiya. In tana da tsabta, fatan warkewa ya fi ƙarfi. In ya shige ta, aikin zai faɗaɗa, magani ya yi tsawo. Hannu ba ya ganewa, sai an cire an auna. Ya rubuta mana takardar zuwa Sakkwato.

"Muciya kuma a bar wa tuwo," ya ce.

A hanyar dawowa, sai da muka wuce Ambursa Yaya ta juyo gare ni.

"In sunka riƙe ni can, wa za ya riƙe mani ɗiya?"

"Ni, Yaya."

Ta kau da kai, amma ta bar hannunta a kan gwiwata.

Abin da na koyo, 'yan'uwana mata: ba mu ke zaɓar wa likita abin da ya isa a nuna ba. Har yau ba mu san me ke cikin ƙwayar waken nan ba, kuma tsoron bai sake ni ba.

Washegarin dawowarmu da safe Inna ta jingina muciya a bakin murhu kamar kullum. Yaya ta ɗauke ta da kanta, ta miƙo mani.

"Ungo, 'yar boko mai dogon baki. Tuƙa muna tuwo."