Abdulmumin Mai Gasa Gilashi

A Toranke, idan ka ce kana neman Abdulmumin, sai an tambaye ka wanne, don suna da yawa. Amma da ka ce Mai Gasa, za a nuna maka gidan da ke bayan masallacin Juma'a, a ƙara maka da cewa in za ka yi masa magana ka tsaya ta hagunsa.

Sunan ya samo asali ne daga wata dariya da aka yi masa shekaru da dama da suka wuce. Lokacin yana saurayi, gonar mahaifinsa Malam Muhammadu ta yi wa gidan kaɗan, ga 'yan'uwa maza birjik. Da aka cire gyaɗa wata shekara, sai ya bi motar Kano cin rani. Ya yi dako a kasuwar Singa, ya yi leburanci, daga bisani ya samu aikin lodi a wani kamfanin gilashi da ke Sharaɗa. Da ya zo gida hutun Sallah aka tambaye shi me ake yi a kamfanin, ya ce gasa gilashi ake yi. Majalisa ta kwashe da dariya.

"Gasawa kuma? Sai ka ce masara!" in ji wani abokinsa. "To, in ya gasu da me ake ci?"

Tun daga ranar sunan ya bi shi.

Wanda ya cire shi daga lodi ya kai shi bakin tanderu wani dattijo ne, Malam Ɗahiru, mutumin Kademi, wanda shi ke kula da injin tun ranar da aka kafa shi. Ya ji Abdulmumin yana ambaton kasuwar Ajingi ta can yankinsu, ya waiwayo ya ce, "Kai ɗan gida ne ashe. Zo nan." Ya ɗauko gilashi guda biyu masu kama ɗaya, ya jingine su, ya miƙa masa guduma. Na farko da bugu ɗaya ya dare, ya zube dogaye-dogaye masu tsini kamar wuƙaƙe. Na biyu ya sha bugu ya ƙi ko gezau, sai da Malam Ɗahiru ya nuna masa ya doki gefensa, sannan ya tarwatse gaba ɗaya, ya zama 'yan ƙanana kamar tsakuwa. Dattijon ya dumbuzi tarin da hannunsa ya buɗe tafin, babu ko ƙwarzane.

"Wannan ya shiga wuta, wancan bai shiga ba," ya ce da ƙarfi, don shi kullum da ƙarfi yake magana. "In yaro ya faɗa kan wancan, sai asibiti. In ya faɗa kan wannan, sai dai a share ɗaki."

Haka Abdulmumin ya koyi aikin. Ya koyi cewa duk abin da za a yi wa gilashi, yanka ne ko huji ko goge baki, kafin wuta ake yinsa, don bayan ya fito ba ya karɓar gyara, taɓa shi da abin yanka fashewa ce. A wanke shi tas, a kwantar da shi kan rola, wato jerin ƙarafa masu juyawa, ya shige tanderu inda zafi ya haura digiri ɗari shida. Can ciki yana ta kai da komowa har ya kusa yin laushi. Sai a fito da shi da sauri zuwa tsakanin manyan fankoki masu hura iska mai sanyi ta sama da ta ƙasa a lokaci guda. Bayansa ya riga cikinsa sandarewa, su ɗaure juna, ƙarfin ke nan. In ya daɗe a wuta, ya fito da lanƙwasa, fuskar mutum ta riƙa karkacewa a cikinsa. In bai ji wuta ba, ya fashe a cikin iskar. Injin yana da lambobinsa, amma Malam Ɗahiru ya fi yarda da leƙawa ta 'yar tagar tanderun.

Mahaifinsa kaɗai ne bai yi dariya ba da ya ji bayanin. Ya ce, "Ai haka Maiwada maƙeri yake yi wa gatari, sai dai shi a ruwa yake tsomawa. Ƙira ce ka koya, Abdu. Allah Ya sa albarka." Abdulmumin ya daɗe yana jin daɗin wannan maganar.

Ya yi aure, matarsa Hansai ta zauna a Toranke tare da iyayensa, shi yana zuwa ƙarshen mako. Da Malam Ɗahiru ya tsufa ya koma Kademi, tanderun ya dawo hannunsa. Yana da tabon ƙuna a damtsen dama tun wata rana da wutar lantarki ta ɗauke da azahar, janareta ya ƙi tashi, gilashi kuwa yana ciki yana shirin narkewa ya manne wa rola. Da hannu suka riƙa juya ƙarfen har suka fito da shi, a nan ne murfin tanderun ya lashe shi. Bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Yakan ce wuta mai gaskiya ce, in za ta cuce ka sai ka ji.

Abin da bai ji zuwansa ba shi ne na fankokin. Ƙararsu takan cika ɗakin har ƙirjin mutum ya riƙa rawa. An raba musu abin toshe kunne, amma a wannan zafin yana sa ƙaiƙayi, kuma shi yana son ya riƙa jin motsin injin, sai ya riƙa rataye nasa a ƙusa.

Hansai ce ta fara lura. Wata Asabar yana zaune a tsakar gida, ta kira shi daga bakin murhu har sau uku bai waiwayo ba. Ta zo ta tsaya gabansa.

"Malam, fushi ake yi da ni?"

"Fushin me?"

"Tun ɗazu nake kiranka. Jiya ma Ummi ta yi ta yi maka sallama a zaure, ta shigo tana kuka wai Baba ya ƙi amsa mata."

Ya ce gajiya ce. Amma ba ta bar zancen ba, har sai da ya je asibiti a Kano. Likita ya gwada shi ya ce kunnen dama ya yi nisa, na hagu ma ya kama hanya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya dawo ya gaya mata rabin maganar. Ta ce, "Ka dawo gida, Malam. Gona tana nan." Ya ce ita ba ta san aikin ba, a duk kamfanin babu mai gasa gilashi mai kauri ya fito miƙe sai shi. Gaskiya ya faɗa, kuma ya san ba amsar maganarta ba ce.

Ya ƙara shekara guda a haka. Sai aka yi rasuwa a Kademi, ya je ta'aziyya, ya biya ya gaida Malam Ɗahiru. Ya same shi a ƙofar gida kan tabarma, mutane kewaye ana hira, shi kuwa yana bin bakunansu da ido, in ya ga an yi dariya ya yi murmushi. Dattijon ya rungume Abdulmumin, ya tambayi tanderu, ya tambayi ko an canza rolar nan mai gardama. Abdulmumin ya riƙa amsawa da ihu a kunnensa, duk da haka rabi da hannu aka ƙarasa. Can wata 'yar ƙaramar yarinya ta fito ta haye cinyar dattijon tana ta surutu.

"Jikata ce, Surayya," in ji shi. "An ce mini ta iya faɗin sunana. Ni dai bakin nake gani yana motsi." Ya shafa kanta. "Wai muryarta irin ta kakarta ce. Haka suka ce."

Bai ba shi shawarar komai ba, Abdulmumin ma bai nema ba. Kafin damina ta faɗi ya ajiye aikin.

Dawowar ba ta zo da sauƙi ba. Hannunsa ya manta fartanya, shekarar farko gyaɗarsa ta fi ta kowa rauni, ga masu cewa ya bar aiki mai albashi ya dawo turɓaya. Daga baya ya kama ɗan shago a Gaya, yana sa wa mutane gilashin taga da na kanti. Duk wanda ya zo zai yi ƙofa ko tebur, sai ya ba shi shawarar gasasshe, musamman in akwai yara a gidan. Wasu su yarda, mafi yawa su ji tsadarsa su ce a sa musu na gama-gari. Yakan faɗa sau ɗaya, ya maimaita, in an ƙi ya yi abin da aka ce, ya goge bakin gilashin sosai.

Kunnen hagun ya tsaya inda yake. Yana jin kiran salla, yana jin Hansai in ta zauna ta wannan gefen, wanda yanzu ya zama wurin zamanta ko da baƙi. Na daman kuwa sai wani siririn kuka da ba ya yankewa, ya saba da shi.

In aiki ya taru, da kansa yake kai awo kamfanin. Yaran da ya koya wa sukan ce ya shigo ya gani, yakan ce a'a, nan ma ya isa. Sai ya tsaya daga bakin ƙofa, yatsa a kunnen hagu, yana hangen gilashin yana fitowa daga wuta. Wani lokaci yakan ga an yi saurin fito da shi, bakinsa ya motsa kamar zai yi magana, sai ya fasa. In an gama, ya sa a naɗe masa kayansa da kwali, ya zauna kusa da su a mota yana dafe da su har Gaya, saboda ramukan hanya.