Makon da Rana Ta Ɓuya wa Darlene

Darlene Pruitt ta yi rabin rayuwarta tana tuƙa motar 'yan makaranta a Nebraska. Da ciwon ƙirji ya kama mijinta Orval, likita ya ce sanyin can zai ƙarasa shi. Sai suka sayar da gida, suka sayi doguwar mota mai ɗaki da kicin, suka gangara hamadar Arizona, inda tsofaffi irinsu ke yada zango duk lokacin sanyi.

Da can Orval ke kula da wutar motar. Yanzu yana kwance, roba a hanci, injin iska na huci a gefensa, injin kuwa da baturan da hasken rana ke cikawa ya dogara. Aikin ya dawo hannun Darlene. Da hantsi takan durƙusa ta buɗe akwatin baturan, ta kankare farin garin da ya taru a kawunansu, ta ɗaure wayar da ta saki, ta ƙara musu ruwa. In ta leƙa ramin batir takan ga idonta na rawa a ruwan, sai ta tuna tafkin gonar babanta, har ta manta gwiwa na ciwo. Daga nan ta hau rufi ta goge farantan sola. Daga can sama fararen motoci sun bazu kamar balbelu, duwatsu na narkewa cikin hasken rana, ita kuma ta ji kamar motar na tafiya da ita a hankali kan ruwa.

Wani mako gajimare ya rufe sama, ba ruwa, ba rana. Mitar batura ta yi ta sauka, janareta ya ƙi tashi. Darlene ta kashe firji da fitilu da rediyo, ba ta gaya wa kowa ba.

Maƙwabcinsu Hollis, tsohon direban tirela, shi ya lura. Ya ƙwanƙwasa da sandarsa.

"Ke tsohuwa, ina rediyon nan naki mai hana mutane sakat?"

"Na gaji da shi."

"Ƙarya kike. Matsa in ga mitar." Ya duba, ya cire hula. "Haba Darlene! Mu duk gumaka ne a nan?"

Kafin la'asar motoci sun kewaye tata. Wani ya turo batir a baro, wata ta jawo waya mai kauri daga ƙarƙashin gadonta, Hollis na ta ihu, "Ja da ja, baƙi da baƙi, kada ku gasa mana Orval!" Darlene da kanta ta ɗaura wayar ƙarshe. Hucin injin ya daidaita.

Orval ya buɗe ido. "Na yi mafarki, Darlene. Wai jama'a sun taru, kowa na ara mini numfashinsa."

"Koma barcinka, sarkin surutu," ta ce, ta juya baya tana share fuska.

Ya rayu har hamada ta yi fure, ya sa aka fito da shi kan kujera ya gani. Bayan rasuwarsa 'ya'yanta suka roƙe ta ta dawo gida. Ta ce to, amma sai ta ga teku tukuna. Ta karya kan mota yamma, tagogi a buɗe.