Kube Ba Bindiga

Ranar wata Talata ce cikin kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, aka zo bakin tagar ajinmu a Dogon Dutsi aka ce wa mushe, malaminmu, ana nemana a gida. Ban ma kai gidan ba. A hanya na gamu da Innarmu, ƙanena goye a bayanta, ƙullin kaya a kai, idanunta jajur. Ta kama hannuna muka nufi komisariya, inda Babanmu yake aikin ɗan sanda. Kakanmu ne ya rasu da hantsi, mahaifin Baba, wanda muke kira Tsoho, can ƙauyenmu kusa da Dumega. Muka tsaya ƙarƙashin dogon yaro a bakin ƙofa, motar da za ta kai mu tana huci, direba yana ta ƙorafin rana na yi. Baba ya daɗe a ciki. Da ya fito ko kaya bai canza ba, kakinsa ne a jiki da ɗamara a ƙugu, amma kallo ɗaya na yi wa kuben fatar da ke rataye a damansa na san babu komai a ciki. Ai ni ke goge shi kullum, ina kuma ganin Baba a bakin aiki, na san yadda yake kumbura in bindiga tana ciki da yadda yake lafewa in babu. Inna ma ta gani. Ta ce, "Maigida, haka za ka tahi?" Ya ce, "Haka." Muka shiga mota muka kama hanyar Kore Mairuwa.

Mutanen unguwarmu sun ɗauka bindiga a gidanmu take kwana. Awakinmu sukan yini a waje ba mai taɓa su, yaran da ke hawa katangar kowa don tsinkar mangwaro kuwa tamu ko jingina ba sa yi. Alhali bindigar nan ba ta taɓa ƙetare zaurenmu ba. Dokar aikinsu ce: da safe ka karɓa a ɗakin ajiya, in ka tashi aiki ka mayar, kuma ba a zare ta sai in rai ake shirin ɗauka. Ba a nuna ta don tsoratarwa, ba a buga ta don biki ko makoki. Wanda ya saɓa kuwa kakinsa ne a bakin hakan. Kube kawai ke dawo mana da la'asar, Baba ya kwance shi ya rataye a ƙusa, ya zauna kan tabarma yana murza ƙafafunsa da suka kumbura don tsayuwar bakin hanya. Aikina ne, bayan na gama surfe na cika randa daga famfo, in ɗauko tsumma da man takalmi in goge ɗamarar da kuben har su yi ƙyalli, Inna kuma tana hura gawayi a dutsen guga. Ƙawayena suna can suna carafke a ƙofar gida suna kwaɗa mini kira, ni ina fama da fata. Wata rana na gaji na ce, shin me ya sa ba ya zuwa da ita mu gani ko sau ɗaya? Ya ce, "Ba tawa ba ce, ɗiyata. Kayan aro ba ya rufe katara."

Tsoho kuwa maharbi ne ɗan maharbi. In an ba mu hutun lakwal can ake kai mu, mu yi ta cirar ciyawa a gonar gero, mu tsinki yakuwa, mu kora awaki fadama, da yamma mu dawo ƙafa duk ƙaya, mu tarar da shi a gindin gawo yana gyaran tarko. A bangon ɗakinsa akwai turaku biyu na ice da babu abin da ke kansu. Nan bindigarsa ta toka take zama a da, wadda ya gada daga ubansa. Shekarar da aka ba da umarnin tattara bindigogin da ba su da izini, wasu maharban suka tura nasu cikin rumbu suka rufe da damman gero. Tsoho bai yi haka ba, don ɗansa na fari yana cikin masu kaki, kuma bai so a ce an samu abin a gidan uban ɗan sanda. Da hannunsa ya sauko da ita ya miƙa wa Baba. Kakarmu mace, wadda muke kira Kaka, tana wurin, kuma har ta mutu tana maimaita abin da Tsoho ya faɗa a ranar: "Na ba ka. Kai ab bindigata yanzu. Ran da anka fita da ni, ka buga mini taka." Baba ya sunkuyar da kai bai amsa ba, su kuma suka ɗauki shirunsa alkawari.

Al'adar gidanmu ce tun kakannin kakanni. In maharbi ya mutu, daidai lokacin da makara za ta fita daga zaure, babban ɗansa yakan ɗaga bindiga sama ya buga sau ɗaya. Na gona su ji su ajiye lauje, daji kuma ya ji cewa mai shi ya tafi. Kaka takan ce in ba a buga ba, iskokin dajin da ya yi hulɗa da su ba su san an sallame su ba, kuma an fitar da mutum kamar baƙon da ya mutu a kasuwa. Ko kun yarda da wannan ko ba ku yarda ba, ita ta yarda, kuma mijinta ne.

Mun isa bayan azahar. An yi wa Tsoho wanka an suturta shi tun ɗazu, liman yana ta cewa ba a jinkirta gawa, amma Kaka ta hana a taɓa makarar sai ɗanta ya iso. Da muka sauka na ji gidan ya ɗauka, "Ya zo, ya zo!" Maza suka buɗe masa hanya, duk idanu a ƙugunsa. Ya shiga har ɗakin Kaka ya durƙusa, ni ina maƙale da zanen Inna a bakin ƙofa. Idon Kaka ya riga ya yi rauni a lokacin. Ba ta kama hannunsa ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta laluba kafaɗarsa, ta gangara ƙirji, ta sauka kan ɗamara har ta samu kuben. Ta matsa shi da yatsu, fatar ta lotsa. Ta sake matsawa. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin yatsun nan. Ta janye hannunta ta goge a zane, ta ce, "To mi ya kawo ka?"

Baba ya ce wa uwarsa, "Inna, ba ni da iko da ita. Na tambaya, an ba ni kwanakin makoki, amma ita can take kwana."

Ƙanensa Baba Nomau, wanda ya zauna a ƙauye yana noma gonar gidan, ya taso kamar zai cinye shi. Ya ce ka karɓe ta tsohonka ka kai musu, yau kuma ka zo mana da kube kamar ɗan wasa? Harsashi guda ne zai talauta gwamnati? Baba bai ɗaga kai ba. Akwai wasu samari 'yan kasuwa da suka zo daga gari, masu cewa duk wannan al'ada bidi'a ce, suka so su tare masa faɗan. Da ya so da ya fake a bayansu ya huta. Ya ɗaga musu hannu ya ce su bari, shi ba don wannan ya ƙi ba, dokar aikinsa ce ta hana shi, kuma da aikin nan yake ciyar da gida biyu. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, maharban da suka ɓoye nasu a rumbu suna tsaye a wurin, kowa ya san su. Da Baba bai zo ba, da wani cikinsu ya zaro tasa ya rufa wa Tsoho asiri. Amma wa zai fito da bindigar ɓoye a gaban mai kaki? Ga shi bai zo da tasa ba, ga zuwansa ya hana ta wasu fita. Haka aka ɗauki makarar aka fita da ita daga zaure, ba ka jin komai sai takun ƙafa da salati ƙasa-ƙasa, da wata akuya da ke ta kuka a bayan darni.

Daga ranar Baba ya zama Mai Kube a ƙauyenmu. Ba a gabansa ake faɗa ba, a gabanmu ake faɗa. In mun je hutu muka fita gaɗa a dandali, sai wata ta sako shi cikin waƙa, sauran su tuntsire da dariya. Na yi dambe a kan wannan suna har na gaji, na koma ƙin fita, in zauna ina ɓarar gujiya wurin Inna. Kuma ba zan ɓoye muku ba, haushin Baba na ji ƙwarai. A ganina na yarinya, mene ne a ciki? Ka ɗaga hannu, tau, an gama, kowa ya huta. Sai da na girma na san cewa da ya yi hakan, kafin sadakar uku labari ya kai Dutsi, da mun koma ƙauye gaba ɗaya a kan gona guda da ba ta isar masu ita. Inna ce takan ce mini, "Wanda ya ci ladan kuturu dole shi yi mai aski. Ki bar ubanki da abin da ke damunsa."

Kaka ba ta taɓa zaginsa ba, da ma ta zage shi da ya fi sauƙi. Duk ƙarshen wata yakan hau mota ya je gaishe ta, da buhun hatsi in rani ya yi tsanani, da ƙullin goro fari irin wanda take so. Takan amsa gaisuwa, ta tambayi yara, ta ce a zuba hatsin a rumbu. Goron kuwa sai ta ajiye gefen tabarma, duk wanda ya shigo ta miƙa masa, amma ko ɓari ba ta kai bakinta ba. Matar da ba ta iya yini ba goro! In na Baba Nomau ne, ja ne ko busasshe, nan take za ta fasa. Baba yana gani, ya yi sallama ya fito, wata mai zuwa ya sake saye. Na sha ganinsa ya dawo daga wannan tafiya ya zauna a zaure bai cire takalmi ba har a kira magariba. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru har Allah ya ɗauki ranta, kuma goron da ya kai na ƙarshe a gefen tabarmarta aka same shi.

Baba ya yi aikinsa har ƙarshe, ya mayar musu da bindigarsu bai taɓa buga ta a kan kowa ba. Ya koma ƙauye da ciwon ƙafa da hawan jini, ya zauna a gindin gawon nan na Tsoho. Kafin nan duniya ta riga ta juya. Ƙarar da muka yi ta nema a ranar Tsoho ta zo mana da kanta ba a gayyace ta ba. Yanzu mutanenmu sun san bambancin ƙarar wannan bindiga da ta waccan tun daga nesa. Gonakin da ke can wajen iyaka an bar wasu sun koma saura, in babur ya yi tari da ƙarfi a kasuwa sai ka ga mata sun bar kayansu sun ruga. Yaran da nake koyarwa a lakwal yau ba su taɓa tambayata yadda bindiga take ba, sun riga sun gani. Mun gaji, wallahi mun gaji, har ba mu da ƙarfin ba da labarin.

Bara da damina Baba ya rasu. Wasu samarin 'yan sanda da suka san shi suka zo jana'iza, kuma don halin da hanya take ciki da manyan bindigoginsu suka zo, rataye a kafaɗa. Ina leƙe ta kafar darni lokacin da za a fito da makara. Sai ga Baba Nomau, ya tsufa tukuf, ba haƙori, yana dogara sanda ya nufe su. Na ce a raina yau kuma tsohon nan zai tayar da tsohuwar magana. Ya tsaya gaban babbansu, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Ɗana, don Allah ku ja baya da abin ga. Kada kowa shi taɓa ta. In ta tashi, garin ga watsewa za shi yi, ba mu samun masu ɗaukar gawa."

Suka ja baya har gindin gawo. Aka fita da Baba shiru, ta zauren da aka fita da Tsoho, kuma na ji matan da ke kusa da ni suna hamdala da aka gama lafiya. Na koma na zauna cikin masu karɓar gaisuwa. Aka miƙo faranti na goron sadaka, fari, na ɗauki ɗaya na riƙe a hannu na kasa ci. A da shirun nan shi ne abin kunyar gidanmu, yau shi muke roƙon Allah safe da yamma. Kaka nake ta tunawa. Da ta kai wannan zamani, da ta ci goron ɗanta.